Wai 'yan fim ɗin Hollywood na da kunya ce da su, ko dai tsoro ne?

Duk inda masoya tsofaffin finafinan Amurka suka haɗu ana hira ba a daɗewa sai wani ya jefo maganar nan da kowa ya haddace, wai finafinan da sun fi na yanzu tarbiyya, za ka zauna da iyalinka ku kalla tun daga farko har ƙarshe hannunka bai je kan rimot ba, 'yan wasan ga aji, namiji da kwat da hula mace da shiga ta mutunci, ba ashar ba tsiraici, shi kuma bos duk iya shegensa sai ya gamu da gamonsa kafin a tashi. Sai wani ya karɓe ya ce ai mutanen lokacin ne na kirki. Daga nan sai a koma musun waye ya fi iya wasa tsakanin Humphrey Bogart da Cary Grant, a watse ba wanda ya yarda da na wani.

Ni dai rabin maganar na ɗauka. Abin da ake gani a fim ɗin haka yake ba ƙarya, dalilin da ake bayarwa ne ban gamsu da shi ba. Kamun kan da ke cikin finafinan wajen 1934 zuwa ƙarshen shekarun 1950 ba daga halin 'yan fim ya fito ba, doka ce aka ɗora musu, su kuma masu kamfanoni suka karɓe ta hannu bibbiyu saboda tsoron asarar kuɗi. Kuma ba za ka gane yadda dokar ta yi tasiri haka ba sai ka fara sanin su waye ke riƙe da harkar.

Kamfanoni takwas ne. Manya biyar, MGM da Paramount da Warner Bros da 20th Century-Fox da RKO, sai ƙanana uku, Universal da Columbia da United Artists. Abin da ya sa ake ce wa biyar ɗin manya ba yawan fim kaɗai ba ne, su ke shirya fim, su ke rarraba shi, kuma su ke da gidajen siliman da za a haska shi. Gidajen da suka mallaka ba su ma kai kashi ɗaya cikin biyar na siliman Amurka ba, amma su ne manyan da ke tsakiyar birane inda ake fara haska sabon fim kuma tikiti ya fi tsada, wato inda kuɗin yake. Shi kuwa mai ɗan silimansa a ƙaramin gari in yana son fim ɗin da babban jarumi ya fito to ba za a ba shi shi kaɗai ba, sai dai ya saya a dunƙule, a haɗa masa da wasu goma ko ashirin da bai taɓa gani ba, wasu ma ba a fara ɗaukarsu ba. Kamar dillalin da zai ce maka ba zai sayar maka da ragon layyan nan mai ƙiba ba sai ka haɗa da ramammun tumakin da ke bayan turke. To ka ga kamfani bai da fargabar kwantai, duk abin da ya fitar akwai mai saye tun kafin a gama shi. Shi ya sa Hollywood take iya fitar da finafinai wajen 400 ko fiye a shekara, MGM kaɗai a lokacin da take tashe kusan duk mako sai ta saki guda.

Ɗan wasa kuma ma'aikaci ne, ba wani abu ba. Kwantiragin shekara bakwai ake sa hannu, amma duk bayan wata shida kamfani na da damar ya ce ya fasa, kai kuwa ba ka da wannan damar. Su za su zaɓa maka fim, su zaɓa maka suna, su gyara maka haƙori, su koya maka tafiya da magana da hawan doki, har wadda za ka fita da ita cin abinci a ɗauke ku hoto wani lokaci ofishin talla ne ke shiryawa. Cary Grant ɗin da ake ta yabon ajinsa sunansa na yanka Archibald Leach, ɗan talakawa ne daga Bristol ta Ingila. John Wayne sunansa Marion Morrison. Rita Hayworth kuwa Margarita Cansino ce, mahaifinta ɗan Sifaniya, sai da Columbia ta sa aka tuge mata gashin goshi da lantarki don goshin ya ƙara faɗi sannan aka rina sauran ya koma ja, duk don kar ta yi kama da 'yar Latin. Judy Garland tana shekara 16 aka ɗauki The Wizard of Oz da ya fito a 1939, ita da bakinta ta sha ba da labarin yadda ake ba su ƙwaya don su jure dogon aiki, a kuma ba su wata don su yi barci, ga takura kan abinci kar ta yi ƙiba. Ta rasu a 1969 tana shekara 47, ƙwayar barci ce ta yi mata yawa. Idan ana hirar tarbiyyar mutanen da ba a cika kawo wannan ba.

Kuma kamfani na iya bayar da aronka ga wani kamfani, ya karɓi kuɗi sama da albashinka ya soke rarar a aljihu. Haka MGM ta ba Columbia aron Clark Gable ya yi It Happened One Night a 1934, abin dariyar shi ne a fim ɗin aron ne ya ci Oscar, babbar kyautar 'yan fim ta Amurka, guda ɗaya tilo da ya taɓa ci. In ka ƙi fim ɗin da aka ba ka sai a dakatar da kai ba albashi, kuma kwanakin dakatarwar a ƙara su a ƙarshen kwantiraginka, wato shekara bakwai tana iya zama tara ko goma.

Ita dokar tace fim ɗin, abin kunya ne ya haife ta. A watan Satumba na 1921 wata 'yar wasa Virginia Rappe ta rasu bayan wani fati da ɗan barkwancin nan Roscoe Arbuckle ya shirya a otal a San Francisco, jaridu suka yi masa caa, sai da aka yi shari'a sau uku kafin a wanke shi, amma sana'arsa ta riga ta mutu. Ba a gama da wannan ba a farkon 1922 aka tsinci gawar darakta William Desmond Taylor a gidansa an harbe shi, har yau ba a san wanda ya yi ba. Malaman coci da ƙungiyoyin mata suka taso, jihohi da birane kuma da ma wasu sun kafa hukumomin tace fim nasu, kowace da almakashinta, abin da aka bari a wannan jiha a yanke shi a waccan. Kuma 'yan fim ba su da inda za su kai ƙara, don tun 1915 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa fim kasuwanci ne zalla, 'yancin faɗin albarkacin baki bai shafe shi ba. Sai masu kamfanoni suka ga gara su yi wa kansu linzami kafin gwamnatin tarayya ta yi musu, suka ɗauko Will Hays, wanda yake ministan gidan waya a gwamnatin shugaba Harding kuma dattijo ne a cocinsa, suka ɗora shi kan ƙungiyarsu a 1922. Aikinsa na farko wanke musu suna ne.

A 1930 aka rubuta kundin dokokin da ake kira da sunan Hays ɗin, duk da ba shi ya rubuta ba, wani mawallafin mujallar fim ne Martin Quigley da wani fada na Katolika Daniel Lord. Kowa ya sa hannu, kowa kuma ya yi biris. Dalili kuwa tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, mutane ba kuɗin tikiti, har Paramount da RKO suka shiga hannun masu bin bashi a 1933, to me zai jawo mutum silima in ba abin da zai tayar masa da hankali ba? A wannan ɗan tsakanin, 1930 zuwa tsakiyar 1934, aka yi finafinan da in ka nuna wa mai cewa mutanen da kunya gare su zai riƙe baki. Finafinan 'yan daba irin su The Public Enemy da Scarface inda ɗan ta'adda shi ne gwarzon da ake so. Baby Face na 1933 inda Barbara Stanwyck take amfani da maza tana hawa matsayi a banki bene bayan bene. Mae West da maganganunta masu harshen damo. Su dai mutanen nan ne fa, daraktocin nan, jaruman nan, da 'yan kallon nan, waɗanda bayan shekara biyu za a ce su ne masu tarbiyya.

Abin da ya canja lissafin cocin Katolika ne. Suka kafa wata ƙungiya mai suna Legion of Decency, miliyoyin mabiya suka yi alkawarin ƙaurace wa duk fim ɗin da aka ce bai dace ba, a Philadelphia ma babban limaminsu Cardinal Dougherty cewa ya yi a daina zuwa silima gaba ɗaya. Katolika kuwa a manyan birane suka fi yawa, daidai inda manyan siliman kamfanonin suke. Nan take aka ga ba wasa. A watan Yulin 1934 aka buɗe ofishi na musamman aka ba Joseph Breen, daga ranar duk fim sai an kai masa labarin a rubuce kafin a kunna kyamara, in an gama a sake kai masa ya gani ya buga hatimi, wanda ya saki fim ba hatimi tarar dala 25,000. Amma ba tarar ce abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne fim marar hatimi ba zai shiga siliman manyan kamfanonin nan ba, to ina za ka kai shi ka mayar da kuɗinka? Wannan shi ne inda abubuwan biyu suka haɗe, mallakar silima ita ta ba dokar haƙori. Breen ya riƙe kujerar har 1954.

Dokokin sun haɗa da cewa mai laifi ba zai sha ba dole ya ga sakayya, ba a nuna zina a matsayin abin sha'awa, ba a yi wa malamin addini ba'a, ba a nuna dalla-dalla yadda ake fasa sef ko haɗa bam, ba ashar, ba doguwar sumba. Duk mai bin harkar Kannywood da Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 zai ji wasu abubuwan ba baƙi ba ne a kunnensa, bambancin dai ta Kano hukumar gwamnati ce, ta Hollywood kuwa 'yan kasuwar ne suka kafa abarsu suke biyan ma'aikatanta.

A nan ne kuma nake ba masu yabon da gaskiyarsu, don takurar ta haifar da wata irin gwaninta da yanzu ta yi ƙaranci. Tunda an hana ka nunawa, dole ka koyi nuni. Marubuci ya zauna ya ƙera zance mai fuska biyu wanda yaro zai ji bai gane komai ba babba kuma ya yi murmushi. Darakta ya koyi amfani da ƙofar da aka rufe, da inuwa a bango, da kyamarar da za ta juya ta kalli taga a daidai lokacin da ya kamata. A Now, Voyager na 1942 Paul Henreid ya sa sigari biyu a baki ya kunna ya miƙa wa Bette Davis ɗaya, 'yan kallon lokacin sun gane sarai abin da ake nufi, kuma ba layin da Breen zai ja a kai. Darakta Alfred Hitchcock kuwa shi wasa ma ya mai da abin. An saba ba a barin sumba ta wuce 'yan daƙiƙu, sai a Notorious na 1946 ya sa Cary Grant da Ingrid Bergman suna yi suna katsewa da 'yar magana, suna tafiya zuwa wajen tarho suna komawa, har aka kwashe sama da minti biyu a haka kuma a ƙa'ida bai karya doka ba.

Casablanca ma da kowa ke kawowa a hira, ƙarshensa da ake ta yabo, inda jarumin ya haƙura da matar ya sa ta a jirgi ta bi mijinta, to a sani ko da marubutan sun so wani abu daban ofishin Breen ba zai taɓa bari matar aure ta bar miji ta bi tsohon saurayi ba. Hanya ɗaya ce a buɗe, gwanintarsu ita ce da suka sa ka ji kamar zaɓin jarumin ne. Kuma fim ɗin ko ƙasar Maroko inda birnin Casablanca yake ba a taka ba, kusan duka a harabar Warner da ke Burbank aka ɗauka, daraktan Michael Curtiz ɗan Hungary ne ma'aikacin kamfani wanda ya yi musu finafinai da yawan gaske, wannan ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan da aka miƙa masa a 1942. Abin da ya ba fim ɗin rai a ganina mutanen da ke bayan fage ne, da yawansu 'yan gudun hijira ne na gaske da suka tsere wa Hitler, har Conrad Veidt da ya fito a mugun hafsan Nazi shi kansa barin Jamus ya yi a 1933 da matarsa Bayahudiya.

Amma ba ko yaushe takurar ke gyara ba, wani lokaci ɓata labari take. A littafin da aka ɗauko Rebecca na 1940 mijin ne ya kashe matarsa ta fari, to doka ta ce mai kisa ba zai tsira ba, su kuma suna son ya tsira, sai aka mayar da mutuwar tsautsayi. Duk nauyin da ke cikin labarin ya ragu. Irin wannan ƙarshen na dole, inda za ka ga fim ya tafi daidai minti tamanin sai a minti biyar na ƙarshe a kashe mutum ko a tuba da shi ba gaira ba dalili, yana da yawa sosai, sai dai ba su ake tunawa ba.

Sai kuma ɓangaren da ya kamata a ce mu ne muka fi kowa lura da shi amma a hira ake tsallakewa. Kundin nan da ake yabo, a cikinsa baƙi da fari aka rubuta cewa haramun ne a nuna soyayya tsakanin baƙar fata da farar fata, kuma ba a cire wannan layin ba sai 1956. Wato a wajen waɗanda suka rubuta shi wannan ma rashin tarbiyya ne, layi ɗaya da ashar da tsiraici. Baƙar fata a finafinan lokacin in ba kuku ba to boyi ne ko mai raino ko ɗan dako a tashar jirgi. Hattie McDaniel ita ce baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, a 1940, da rawar baiwa mai raino a Gone with the Wind, ba ta samu halartar bikin fara haska fim ɗin a Atlanta ba saboda wariya, ranar karɓar kyautar ma a wani ɗan tebur na gefe aka zaunar da ita nesa da abokan aikinta. Lena Horne kuwa MGM kan ɗauki waƙarta a ware, ba a haɗa ta da labarin, don siliman kudancin Amurka su iya yanke wurin ba tare da fim ya lalace ba. Anna May Wong 'yar asalin Sin ce haifaffiyar Los Angeles, ta nemi babbar rawar The Good Earth na 1937, labarin manoman Sin, aka hana ta tunda Bature Paul Muni ne zai fito a mijin, aka ba Baturiya Luise Rainer aka yi mata kwalliyar Sinawa, ta kuma ci Oscar da shi. Afirka kuwa kar ma a yi magana, finafinan Tarzan na Johnny Weissmuller da suka fara a 1932 a Amurka aka shirya su, mu a ciki masu ɗaukar kaya ne da ke faɗowa daga kan dutse ba mai ko waiwaye. Sai 1964 namiji baƙar fata ya ci kyautar babban jarumi, Sidney Poitier.

Akwai kuma wani abu da ke ruɗar mu idan muna kwatanta da da yanzu. Mu fa ba finafinan da muke kallo ba, zaɓaɓɓun finafinan da muke kallo. A cikin ɗaruruwan da ake fitarwa duk shekara nawa ne ake ambata yau? Mafi yawansu ƙananan finafinai ne na cike gurbi da ake ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu don a haɗa da babban fim a tikiti guda, John Wayne kansa kusan duk shekarun 1930 a irin waɗannan na kaboyi masu arha ya ƙare kafin John Ford ya ɗauko shi a Stagecoach a 1939. Wasu kuma ba ma za mu taɓa ganinsu ba don babu su. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin nitrate ake yin sa, yana ruɓewa kuma yana kamawa da wuta da kansa in zafi ya yi yawa, rumbun ajiyar Fox da ke New Jersey ya ƙone a 1937, na MGM ya ƙone a 1965, wasu kuma kamfanonin da kansu suka narkar don su cire azurfar da ke jiki. Binciken da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace kwata-kwata. To in ka ɗauko gwanaye hamsin na shekara talatin ka aza su kusa da duk tarkacen da ya fito bana, ai ba a yi adalci ba.

Rushewar tsarin ba rana ɗaya ba ce. Bette Davis ta fara gwada ƙarfi da Warner kan kwantiraginta a kotun Ingila a 1936 ta sha ƙasa. Olivia de Havilland ta sake gwadawa da aka ce sai ta biya wata shida na dakatarwa bayan shekarunta bakwai sun cika, ita kuwa ta yi nasara a 1944, kotun Kalifoniya ta ce shekara bakwai na kalanda ake nufi ba ƙari. Sai babbar guduma a 1948, Kotun Ƙoli a shari'ar gwamnati da Paramount ta haramta sayar da fim a dunƙule, aka kuma tilasta wa manyan kamfanonin rabuwa da gidajen silimansu. Daga nan kowane fim sai ya sayar da kansa, to wa zai ci gaba da biyan ɗaruruwan 'yan wasa da marubuta da maɗinka albashi duk mako alhali ba tabbacin kasuwa? Aka fara sallama. Jarumai suka koma cin gashin kansu, James Stewart a 1950 ya ƙi albashi ya ce a ba shi kaso cikin ribar Winchester '73, ya kuwa kwashi abin da ya ninka kuɗinsa na da, kowa ya gani ya bi.

Ga kuma talabijin. A 1946 ana ƙiyasta tikiti wajen miliyan 90 ake yanka duk mako a Amurka, kafin ƙarshen shekarun 1950 ya koma kusan rabi. Gidajen da ke da talabijin a 1950 ba su kai kashi 10 cikin 100 ba, zuwa 1960 sun doshi kashi 90. Hollywood ta mayar da martani da abin da akwatin gida ba zai iya ba, faffaɗan allo da kala da dubban mutane a fage guda, shi ne zamanin The Ten Commandments na 1956 da Ben-Hur na 1959 da ya kwashi Oscar 11. Caca ce dai, in ta ci ta ci da yawa, in ta faɗi kuwa, Cleopatra na 1963 ya laƙume sama da dala miliyan 30 ya kusa durƙusar da Fox.

Ɗayan abin da talabijin ba zai iya nunawa ba kuma shi ne abin da doka ta hana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tunda silima ta fita daga hannun kamfanoni hatimin ya rage daraja. A 1952 Kotun Ƙoli ta janye matsayinta na 1915 ta ce fim ma yana da 'yancin faɗin albarkacin baki. A 1953 darakta Otto Preminger ya saki The Moon Is Blue ba hatimi, ya yi kasuwa, a 1955 ya sake da fim kan ɗan ƙwaya wanda Frank Sinatra ya ja, shi ma ya yi kasuwa. Some Like It Hot na 1959 haka. Finafinan Faransa da Italiya da Sweden kuma suna shigowa ba ruwansu da ofishin kowa. Zuwa watan Nuwamba na 1968 Jack Valenti da ke shugabantar ƙungiyar ya ajiye kundin gaba ɗaya ya kawo tsarin rarraba fim bisa shekarun mai kallo. Lura da abin da ya faru, ba a wayi gari mutanen Hollywood sun lalace ba, abin da ke tilasta musu ne ya gushe, suka koma inda suka tsaya a 1934.

Wani abin da ke ba ni dariya a hirar dattawanmu da suka yi zamanin silima irin su Plaza da El Dorado a Kano, in suna tuna finafinan kaboyi sunan da ya fi fitowa Django ne, da na Clint Eastwood mai ɗan guntun sigari a baki. Waɗannan kuwa ba tsohuwar Hollywood ba ce sam. Italiyawa ne suka shirya su a tsakiyar shekarun 1960, Django na 1966 jaruminsa Franco Nero Ba'italiye ne, na Eastwood kuma Sergio Leone ne ya ɗauki yawancinsu a busasshiyar ƙasar kudancin Sifaniya, a lokacin Eastwood ɗan wasan talabijin ne da Hollywood ba ta ɗauke shi bakin komai ba. Kuma abin da ya sa suka yi daɗi shi ne ba su bi dokar Breen ba, jarumin don kuɗi yake harbi, jini a fili, ba wani wa'azi a ƙarshe.

Su kuma tsofaffin finafinan da muke samu tsaf-tsaf yau, da yawansu albarkacin attajirin nan mai tashoshin talabijin Ted Turner ne, wanda ya sayi MGM a 1986 ya sayar da kamfanin ya riƙe rumbun finafinan, a ciki har da na Warner na kafin 1950 da haƙƙin na RKO. Ya fara da rina marasa kala su koma masu kala, daraktoci da tsofaffin jarumai suka yi masa ca har gaban majalisa, daga baya a 1994 ya buɗe tashar TCM da ke nuna su yadda suke ba yanka ba talla a tsakiya. Hukuncin 1948 ɗin nan kuwa kotu ta soke shi a 2020 bisa buƙatar gwamnati, wai zamani ya wuce shi, a daidai lokacin da Netflix da Disney da Amazon suke shirya fim da kansu, su rarraba da kansu, su nuna a manhajarsu, mai kallo kuma ya biya kuɗin wata a dunƙule ko ya kalla ko bai kalla ba. Amazon ta sayi MGM a 2022 kan kusan dala biliyan 8.5, ta samu tambarin kamfanin na zakin nan mai gurnani da finafinan James Bond, amma finafinan MGM na kafin 1986, su The Wizard of Oz da Ben-Hur, suna hannun Warner.